Kwana Huɗu a Agege Ina Koyon Zaɓen Mai Baki Biyu

Tun da muka sauke masarar bara na ƙudurta a raina cewa wannan karon sai na taka Legas. A wajenmu, ƙasar Lere ta gefen Saminaka, masara ita ce arziƙi, kuma duk wanda gonarsa ta jingina da dutse ya san irin ɓarnar da biri ke yi da zarar ta fara kunno gemu. Ga zabin daji da makwarwa masu tone iri tun bai tsiro ba. Shekara da shekaru bindigar Kawu ce ke tsare mana gona, wata Baikal mai baki biyu, ƙirar Rasha, wadda ya saya da lasisinta tun ƙarshen shekarun 1970, ni ko haihuwata ba a yi ba. Yanzu ta kwana biyu. Idan ka girgiza ta sai ka ji tsakiyarta na ƙwal-ƙwal, Kawu ma ƙafa ta fara gaza masa wajen hawan dutse.

Ni kuwa na shekara uku ina kallon sababbin bindigogi a waya. Akwai wata ƙirar Turkiyya da ta shiga raina, gefenta fari fat, an zana mata agwagi masu ruwan zinariya suna tashi. Har wani ya same ni ta WhatsApp ya ce in tura rabin kuɗi, zai aiko mini da ita har ƙofar gida. Da na gaya wa yayana da ke sana'ar goro a Agege, sai ya ce kada in tura wa kowa ko sisi, in zo tukuna, akwai wani dattijo maƙwabcinsa da ya yi shekara talatin yana gyaran bindigogin farauta a wani shago mai izinin hukuma a cikin Ikko.

Na so in tafi da ta Kawu a duba. Kawu ya kalle ni ya ce, "Ka manta Uromi ne?" Ban manta ba. A watan Maris na 2025 aka tare motar mafarauta 'yan Kano da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motar, aka kashe mutum 16 a garin Uromi na jihar Edo. Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar duk wani maharbi a Arewa ya san cewa ɗaukar bindiga a ƙetara da ita kudu ba ƙaramin abu ba ne, ko da takarda a aljihu. Saboda haka hotunanta kawai na ɗauka ta kowane gefe, da hoton littafin lasisin, da wani ɗan littafin rubutu.

Na shiga mota a Kaduna da hantsi. Abuja, Lakwaja, Okene, sai dare ya rufa, sai shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Gari na wayewa muka baro Ibadan, kafin azahar muna Berger, mashigar Legas. Abin da ya fara tarbata shi ne iskar garin, mai nauyi da laima, rigar jikina ta manne mini tun ban yi tafiyar kirki ba. Agege kuwa ba ta yi mini baƙunta ba. A Zango Hausa kake ji ta ko'ina, ga huhunan goro an jera an lulluɓe da ganye, ga masu shayi da tulin burodin Agege mai laushi, ga jirgin ƙasan nan na Red Line yana ratsa unguwa lokaci-lokaci. Hausawa sun daɗe a nan, goro da shanu ne suka kawo kakanninsu, akwai waɗanda a nan aka haifi iyayensu, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa.

Bayan la'asar Yaya ya kai ni gidan dattijon. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da damina. Na ciro waya zan nuna masa mai agwagin zinariya, sai ya ɗaga hannu.

"Ajiye hoton nan tukuna, ɗana. Takarda fa?"

Na ce ta Kawu ce ke akwai, ni ba ni da ita. Ya ce to daga nan za a fara. Ya yi mini bayanin dokar mallakar bindiga ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininta. Mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, lasisinsu daga Sufeto Janar yake fitowa. Irin waɗanda ke ɗura wa kansu harsashi kuwa ba sa cikin wannan rukunin. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya, ba a ara, ba a gada kamar garma. Ya ce wanda ya yi mini alkawarin aikowa har gida, ko ɗan damfara ne, ko kuma mai sayar da kayan da za su kai ni kurkuku. Ya tuna mini da 2017, lokacin da kwastan suka kama bindigogi 661 a nan Legas a watan Janairu, suka sake kama 1,100 a tashar Tin Can a watan Satumba, waɗannan na bayan an ɓoyo su a kwantena daga Turkiyya. Ya ce irin wannan ne ya sa hukuma ke yi wa kowa kallon zargi, har da manomi mai tsaron masararsa. Daga nan ya ce in dawo gobe da safe, in zo da littafina, ko ba a saya ba ai a san abin da za a saya.

Washegari na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an ɗora bargo a kai. Baba, wato dattijon, yana da bindigogi biyu masu lasisi tun zamanin aikinsa: wata AyA ƙirar garin Eibar na ƙasar Sifen, da wata Baikal da ta fi ta Kawu ƙuruciya. Ya kuma kira wani Alhaji abokinsa, ɗan kasuwa, wanda ya sami lasisi 'yan shekarun baya ya sayi sabuwa ƙirar Huglu ta Turkiyya. Kowace aka ɗauko, kafin komai sai Baba ya karya ta, ya leƙa baki biyun, ya nuna mana babu komai, sannan ya ajiye ta a karye. Ko da ya san ba harsashi, bai taɓa bari bakinta ya kalli mutum ba. Ya ce a wannan sana'ar ba a cewa "ai ba komai ciki".

Ya fara da abin da ban taɓa tunani ba, wato kunne. Ya cire katakon gaba na AyA, ya raba bututun da jikin bindigar, ya rataye shi a yatsa ɗaya ta ƙugiyar da ke ƙasansa, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce. Sai wata ƙara siririya ta tashi, tinnn, kamar an taɓa tasa, ta daɗe tana yawo a tsakar gidan kafin ta mutu. Ya ce bututu biyun nan ba ƙarfe ɗaya ba ne, haɗa su aka yi, aka like da wasu siraran ƙarafa sama da ƙasa. Idan likin yana nan lafiya, za ta yi kuka haka. Idan ya fara saki, za ka ji ƙarar ta dushe kamar ta fasasshiyar ƙwarya, ruwa ya sami hanyar shiga, tsatsa na ci ta ciki ba ka gani. A Legas, ya ce, laima ce ke kashe bindiga. Ya ɗaga bututun ya saita shi da hasken sama, ya ce in leƙa. Ciki sumul, zoben haske a jere, kowane zagaye cif. Inda zoben ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi. Inda ka ga ɗigo-ɗigo baƙi, tsatsa ta yi rami.

Sannan ya zo kan ciwon ta Kawu. Ya mayar da bututun, bai sa katakon gaba ba, ya riƙe ta ƙota ya girgiza. Shiru, kamar ƙarfe guda. Ya ce duk ingancin mai baki biyu a nan yake, inda gindin bututu ke haɗuwa da fuskar jikinta. Kowane harbi yana son ya raba su, ƙusar da bututun ke juyawa a kanta da sakatar da ke riƙe shi su ne ke hanawa. Bindiga mai arha ba a rana ɗaya take nuna halinta ba, sai ta ci harsashi dubu biyu ko uku sannan laushin ƙarfenta ya bayyana. Ya nuna mini ɗan hannun da ake turawa a karya ta. A sabuwa yakan tsaya ya ɗan karkata dama, yayin da take cinyewa yana matsowa tsakiya, idan ya wuce hagu to ta sha aiki. Na Alhaji yana dama sosai, na AyA yana tsakiya daidai bayan shekaru masu yawa. Na buɗe hoton ta Kawu na faɗaɗa shi. Ya wuce hagu.

A ƙasan bututun, wajen da ba a gani sai an kwance, akwai ƙananan tambura da lambobi. Baba ya sa tabarau ya karanta mini su ɗaya-ɗaya. Lamba 12 ɗin da muke kiran irin wannan bindiga da ita kullum ashe ma'aunin faɗin baki ce: idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 daidai aka mulmula, kowane dunƙule zai cika faɗin bakin, kimanin milimita 18 da rabi. 70 kuwa tsawon ɗakin harsashi ne a milimita, kuma ana auna shi ne da kwanson da aka riga aka harba, bakinsa a buɗe. Shi ya sa harsashi mai 70 ke shiga tsohuwar bindigar Ingila mai 65 ba gardama, ya rufe lafiya, amma idan ya tashi buɗewa ba wuri, matsi ya ƙaru. Sababbi da yawa 76 suke zuwa da shi, suna cin gajere da dogo. Sauran tamburan na gidan gwaji ne. A Ingila, Sifen, Italiya, Rasha da Beljiyam doka ce, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aikin. Turkiyya da Amurka ba sa cikin yarjejeniyar gwajin bindiga da ta haɗa waɗannan ƙasashen, wadda ake kira CIP, shi ya sa ƙirar Turkiyya da ake sayarwa a Ingila sai an gwada ta a can kafin ta shiga shago. Idan kuma ka ga tambari mai kama da fure mai kunne uku, to an gwada ta da harsashin ƙarfe, ba na dalma kaɗai ba.

A nan Alhaji ya ɗan motsa. "Baba, kada ka kushe mini bindiga a gaban baƙo."

Baba ya yi murmushi ya ce ba kushe ba ne. Ya ɗauki Huglu ɗin ya jujjuya ta, ya yaba yadda katako ya zauna a jikin ƙarfe ba rata. Ya ce Huglu sunan wani ƙauye ne a yankin Konya, maƙeransa suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, kuma su ne ke ƙera wa kamfanin CZ bindigogi irin su samfurin Bobwhite da ake sayarwa a Amurka ƙasa da dala dubu ɗaya. A wannan kuɗin, in ji shi, da wuya ka sami wadda ta fi ta. Matsalar ita ce a Turkiyya masu ƙira suna da yawa, akwai na ƙwarai, akwai masu buga kowane suna a jikin kowane ƙarfe. Da ya ga hoton tawa mai agwagi, ya tambaye ni sunan kamfanin. Babu a hoton. Ya ce zanen nan na'ura ce ke yin sa cikin 'yan mintoci, shi ne abu mafi arha a jikin bindigar, kuma shi ne mai sayarwa ke fara nuna maka.

Na tambaye shi wace ce ta fi duka. Ya ce idan kuɗi ne, akwai Purdey da Holland & Holland a Landan, sabuwa ɗaya ta haura fam dubu ɗari. Akwai na Italiya daga Gardone kusa da Brescia, inda Beretta take tun 1526, su Rizzini da Fausti duk 'yan yankin ne. Amma ya ce ni ba wannan ce tambayata ba. Tambayata ita ce wace ce za ta yi shekara talatin a Saminaka, inda ba mai gyara sai an yi tafiya mai nisa.

Daga nan ya shiga rage mini buri, kuma ban ga inda zan yi masa musu ba. Kayan cikin mai baki biyu iri biyu ne: mai faranti a gefe, wadda masu kuɗi ke so saboda kyau da wurin zane, da mai akwati, wadda Anson da Deeley suka ƙirƙiro a Birmingham a 1875. Ta biyun kayanta kaɗan ne, ta fi sauƙin gyara, kuma ba ta cinye katakon wuyan ƙota. Ya ce in ɗauki mai akwati. Kunama kuma biyu, ba ɗaya ba. Ta gaba tana tayar da bakin dama, wanda ya fi buɗewa, na abin da ya tashi a kusa. Ta baya tana tayar da na hagu, mai matsattsen baki, wanda ke tattara ƙwayoyin su yi nisa. Makwarwa ta tashi a ƙafarka, ka ja ta gaba. Zabo ya tashi can gefen kunya, yatsa ya koma baya, ba sai ka tsaya murɗa wani maɓalli ba. Kuma idan ɗaya ta lalace a daji, kana da ɗaya. Kunama ɗaya mai aiki biyu a bindiga mai arha, in ji shi, ita ce ta fi kawo masa aiki a shago, wani lokacin ta saki baki biyun a tare. Haka ya ce game da mai watso kwanso da kanta idan an karya: daɗi gare ta, amma ƙurar hunturu ba ta bar ƙananan sifirin ba. Gara wadda ke ɗago kwanson ka cire da hannu ka sa a aljihu.

Ni dai a nan na ga bambancin wanda ya karanta da wanda ya gyara. Duk abin da na shekara uku ina ɗauka shi ne ci gaba, Baba yana kallonsa a matsayin ƙarin abin da zai lalace.

Ya sa na miƙe, ya ba ni AyA a karye na rufe, ya ce in zaɓi wani ƙulli a jikin bango, in rufe ido, in ɗaga ta kafaɗa, sannan in buɗe. Da na buɗe, idona na kan layin tsakiyar bututun, ƙullin na zaune a kan ɗan ƙwallon saiti. Na yi haka da Baikal, sai na ga ina kallon gefen bututun hagu, ga nauyi yana rinjayar gaba. Na Alhaji ta zo kusa, amma ƙotar ta yi mini tsawo kaɗan, tana kama rigata a hammata. Baba ya ce bindigar tsuntsu ba a saita ta kamar ta soja, inda ido ya kalla nan take zuwa, in ta dace da jikinka. Game da nauyi ya ba ni lissafin tsofaffin maƙeran Ingila: bindiga ta ninka nauyin ƙwayoyin harsashinta sau 96. Mai giram 32 ke nan yana son bindiga mai kilo uku da ɗan ɗoriya. Wadda ta gaza haka za ta dake ka a kafaɗa, wadda ta zarce sosai za ta gajiyar da kai kafin ka zagaye gona. Abu ɗaya da ba za a iya dubawa a tsakar gida ba, ya ce, shi ne ko baki biyun wuri ɗaya suke kaiwa. Sai an kafa faffaɗar takarda a taku arba'in, an harba dama an harba hagu, an gani. A nan ne masu arha da yawa ke faɗuwa, domin daidaita bututu biyu aikin hannu ne mai cin lokaci, kuma lokacin maƙeri shi ne kuɗin da ake biya.

Ya kalli hoton ƙotar Kawu ya ga ta yi baƙi a wuya. Ya tambaya da me ake shafa mata mai. Na ce man keken ɗinki, kuma a tsaye ake jingine ta a bayan ƙofa. Ya girgiza kai. Man yana gangarowa ne ya jiƙa katakon, ya yi laushi, wata rana ya tsage. A rage mai, a riƙa ajiye ta baki ƙasa. Idan zan zaɓi sabuwa kuma, in duba jijiyar katakon walnat ɗin ta miƙe sambal ta wuyan ƙota, kada in ruɗu da mai kwalliyar murɗe-murɗe a wurin, domin katakon da ya sha laimar teku idan ya haɗu da bushewar hunturunmu, ta nan yake fara buɗewa.

Rana ta uku Yaya ya raka ni cikin gari. Muka hau gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, masunta a kwale-kwale ƙasanmu, gidajen Makoko a kan turaku. Muka yi azahar a Obalende, muka ci tuwo a wajen wata 'yar Arewa, sannan muka shiga wani ofishin 'yan sanda na yi tambayata. Jami'in ya saurare ni da mutunci. Ya ce tun watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a, don haka in koma gida in riƙa bibiya ta hedikwatar jiharmu. Ban ji daɗi ba, gaskiya. Na san dalilinsu, mu da muke Kaduna ba sai an gaya mana abin da bindiga ta yi wa ƙauyuka ba. Amma abin yana ci mini rai, cewa ɗan ta'adda bai taɓa neman takarda ba, manomin da ya zo da ƙafarsa yana nema shi ne zai jira. Duk da haka zan jira. Kuɗin masarar na nan, na sayi buhunan taki da wani kaso, sauran na ajiye.

Da daddare na zauna a shagon Yaya, ƙamshin goro ya cika wurin, na rubuta abin da zan nema ranar da aka buɗe: 12, mai akwati, kunama biyu, bututu inci 28, ɗakin harsashi 70 ko 76, hatimin gidan gwaji, sunan kamfani da lamba a jiki, daga dila mai rajista. AyA samfurin lamba 4 idan hali ya kai, ko da ta hannu ce. Idan bai kai ba, Huglu marar zane. Na goge hoton mai agwagi, na toshe lambar mutumin WhatsApp.

Ranar da zan taho na koma sallama. Baba ya ce in kira masa Kawu. Suka gaisa kamar sun san juna, kowa na ce wa ɗan'uwansa Malam. Baba ya ce ya ɗauko bindigar, ya karya, ya tabbatar ba komai, ya cire katakon gaba, ya raba bututun. Muna jin Kawu yana kiran jikansa ya riƙe masa waya. Baba ya ce ya rataye shi a yatsa, kada ya taɓa komai, ya matso da wayar, ya ƙwanƙwasa.

Muka yi tsit. Daga Saminaka ƙarar ta zo, siririya, tinnn, ta ja ta ja kafin ta ɗauke.

Baba ya ce a sake. Aka sake. Ya cire tabarau ya ajiye a kan bargo.

"Malam, bututunka lafiya lau. Ƙusa ce ta cinye, ana canza ta. Ka nemi mai gyara mai izini ta hannun 'yan sandan jiharku, ka tafi da littafinka, kada ka ba maƙerin kasuwa ya bubbuga mata guduma. Kafin nan kada a sake harba ta."

Kawu ya ce in sha Allahu. Sannan ya tambaya ko na sayo masa goron da ya ce, fari, ɗan Shagamu. Yana cikin jakata tun jiya, Yaya ya naɗe shi da ɗanyen ganye. Motar Kaduna ƙarfe biyu za ta tashi.